Ɗan Gilashin da Ke Tace Hasken Gari: Kallon Nebula Daga Fatakwal, Anacha da Inugu

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, dare lokacin aiki ne. Motocin albasa daga Aliero, na tumatir daga Kano da Zariya, na shanu daga Potiskum da Mubi, galibinsu sai gari ya yi tsit suke shigowa, kuma ba a barin kayan gwari su kwana cikin tirela ana jiran fitowar rana. A gindin gadar Anacha, a Gariki ta Awkunanaw da New Artisan a Inugu, a Mile 3 da wajejen Oyigbo a Fatakwal, za ka tarar da 'yan dako suna sauke buhuna, mai shayi yana soya ƙwai, mai tsire yana juya nama, kowa da fitilarsa rataye a saman tebur. A da aci-bal-bal ce da fitilar ƙwai. Sai ƙaramin janareta ya zo. Yanzu kuwa ɗan faifan sola ne da batir da farin ƙwan LED mai kashe ido, wanda ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke.

Ban ga wanda zai iya buɗe baki ya ce wa mutanen nan su rage haske don wani yana son kallon taurari ba. Baƙon da ke neman abinci a garin da ya sha ganin tarzoma ya fi kowa sanin darajar fitila a ƙofar shago. Amma akwai abin da aka biya. Yaron da aka haifa a Bida Road ta Anacha zai iya girma har ya yi aure bai taɓa ganin farar hanyar taurarin nan da ke ratsa sama ba, wadda ubansa ya saba gani daga tsakar gida a Illela ko Gaya. Kaza da 'ya'yanta ma sai an ƙura ido, kuma 'ya'yan ba sa cika. Ba mu kaɗai ba ne. Taswirar hasken dare ta duniya da aka fitar a 2016 ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna kwana ƙarƙashin saman da fitilu suka gurɓata, kashi ɗaya cikin uku kuma ba sa iya ganin waccan farar hanya sam. Wani nazari na 2023 ya ƙiyasta cewa hasken saman birane yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari kowace shekara.

To, wanda ya mallaki madubin hangen nesa a irin waɗannan unguwanni, malamin Islamiyya ne ko ɗalibin kimiyya ko ɗan kasuwar da ya sayo shi don sha'awa, me ya rage masa? Wata da Zara da sauran duniyoyi irin su Mushtari da Zuhal ba su damu da fitilun gari ba, haskensu ya isa. Matsalar tana wajen abin da ake kira nebula, wato gajimaren iska da ƙura da ke shimfiɗe tsakanin taurari, inda ake haihuwar wasu taurarin, wasu kuma nan suka bar gawarsu. Haskensa rarrauna ne, ya bazu, hasken gari kuma yana shanye shi. Akwai ɗan gilashin da ke dawo da wani ɓangare na abin da aka rasa. Faɗinsa bai wuce murfin kwalbar lemo ba, ana murɗa shi a gindin gilashin da ake kara ido, sunansa filta. Sai dai iri-iri ne a kasuwa, kuma wanda sunansa ya fi jan hankalin mai saye shi ne mafi ƙarancin amfani a garuruwan nan uku.

Sirrin yana cikin irin hasken

Ranar 29 ga Agusta 1864 wani Bature ɗan Ingila, William Huggins, ya saita madubinsa daga gidansa a kudancin Landan kan wata 'yar nebula da ake kira Idon Kyanwa, ya bi da haskenta ta cikin gilashin da ke rarraba haske launi-launi. Da tauraro ne, da cikakken bakan gizo zai gani, daga ja har shuɗi. Abin da ya bayyana masa siraran layuka ne 'yan kaɗan, mafi ƙarfinsu kore, sauran wurin duk duhu. Nan aka tabbatar cewa wasu daga cikin gajimaren nan ba tarin taurari ba ne, iska ce mai ci da kanta. Abin da ke ba da koren ya gagari masana shekara sittin da wani abu, har aka ɗauka wani sabon sinadari ne da babu irinsa a doron ƙasa. Sai a 1927 Ira Bowen a Kalifoniya ya gano cewa oksijin ce, irin wadda muke shaƙa, amma wadda hasken tauraro mai tsananin zafi ya fizge wa ilektiron biyu, tana yawo a wurin da iska ba ta da kauri ko kaɗan.

Wannan binciken shi ne tushen filta gaba ɗaya. Idon ɗan Adam yana ganin haske daga wajen nanomita 400, ɓangaren shuɗi, zuwa wajen 700, ɓangaren ja. Tauraro da rana da harshen wuta suna watsa haskensu a duk faɗin nan. Nebula mai ci da kanta kuwa 'yan wurare ƙalilan take zuba nata: oksijin a 495.9 da 500.7, haidurojin a 486.1 da kuma 656.3. Duk wanda ya tashi da rediyo mai gajeren zango ya riga ya san dabarar. Iska cike take da tashoshi da shuuu, amma Sashen Hausa yana kan mita kaza. Ka murɗa allura ta tsaya daidai nan, sauran surutun ya ja baya. Rediyon bai ƙara wa mai karanta labarai murya ba, ƙofa ya rufe wa saura. Haka filta. Ba ta ƙara wa nebula haske ko ɗigo, hasali ma tana ɗan rage shi. Bayan fage take baƙantawa, sai abin da ya nutse ya taso.

Sa'ar da aka yi ita ce, idon da ya saba da duhu ya fi kaifi a wajen nanomita 507, dab da layin oksijin. Jan layin haidurojin na 656, wanda shi ke ba hotunan nebula launin nan mai ɗaukar ido, ido ba ya kama shi sosai cikin dare. Shi ya sa wanda ya saba ganin hotunan na'urar Hubble a waya yakan yi turus ranar farko: abin da ke cikin madubi toka-toka ne, wani lokaci da ɗan ratsin kore. Gara a faɗa wa mutum tun kafin ya kashe kuɗinsa.

Idan ka ɗaga filta ka kalle ta a haske, madubi za ka gani mai walƙiyar ruwan hoda ko kore. Ba fenti ba ne. Shimfiɗu ne sirara da yawa aka jera kan gilashin, ɗaya bisa ɗaya, kowace an auna kaurinta yadda launin da ake so zai wuce, wanda ba a so ya koma inda ya fito. Kamfanin Lumicon na Amurka ne ya fara yaɗa irinsu a tsakanin masu kallon sama na sha'awa, yau kuma akwai Astronomik da Baader na Jamus, da Optolong da Svbony na Sin, da sauransu. Girma biyu aka saba yi, inci 1.25 da inci 2, gwargwadon bakin madubinka.

Mai faɗi, wadda ake rubuta wa CLS ko LPR, ita ce ake tallata ta da sunan maganin hasken gari. An ƙera ta ne a zamanin da fitilun titi na sodiyam ne da na zaiba. Fitilar sodiyam, mai ruwan lemon nan da tsofaffin tituna suka sani, yawancin haskenta a wajen 589 yake taruwa. Ta zaiba kuma tana da layukanta a 436 da 546 da wajen 578. Tunda su ma a 'yan wurare suke zuba haskensu, sai aka yanke wuraren kawai aka bar saura. Dabara ce mai kyau a lokacinta. Amma je ka gindin gada ko Upper Iweka da dare ka ƙirga fitilun sodiyam nawa suka rage. Farin LED ya cinye ko'ina, daga sandunan sola na 'yan siyasa har ƙwan mai gyaran waya. Shi kuwa LED ƙwayar shuɗi ce a wajen 450 aka lulluɓe ta da wani sinadari mai mai da haske rawaya, sai ya bazu daga kore har ja ba yankewa. Ba shi da layi ɗaya da za a toshe a huta. Wanda ya sayi mai faɗi don kallo da ido a Anacha ya yi asarar kuɗin mota.

Wadda ke aiki ita ce matsattsa. Ta UHC tana buɗe taga mai faɗin nanomita ashirin da wani abu, daga layin haidurojin na 486 zuwa na oksijin biyu, ta rufe komai. Ta OIII ta fi ta matsewa, nanomita 10 zuwa 12, oksijin kaɗai. Yi lissafi: 12 cikin faɗin 300 kashi huɗu ne cikin ɗari, amma mai kyau tana barin fiye da kashi 90 na hasken layin ya wuce. Akwai kuma wani abin farin ciki da ba a cika faɗa ba. Tsakanin shuɗin LED da rawayarsa akwai ɗan kwari inda haskensa ya yi rauni, wajen 480 zuwa 500, kusan daidai inda tagar nan take. Wato ƙwan da ya kashe kasuwar filta mai faɗi bai iya yi wa matsattsa irin wannan ɓarnar ba.

A ra'ayina, mai kuɗin guda ɗaya ya sayi UHC ta kirki, musamman idan madubinsa ƙarami ne, inci huɗu zuwa shida. Mai inci takwas da ke tsakiyar gari zai fi jin daɗin OIII, duk da tana dusashe taurari har wasu su ɓace. Mai kyau takan kai dala ɗari ko fiye. Masu arha da yawa sunan UHC kawai gare su, tagarsu ta yi faɗin da ba ta da bambanci da CLS, don haka a nemi zanen awon da ke nuna abin da take bari ya wuce kafin a biya. Akwai ta uku, H-beta, wadda aka yi don 'yan abubuwa kaɗan irin su nebular Kan Doki. Wannan a bar wa masu daji.

Gari uku, matsala uku

Fatakwal ce ta fi wahala, kuma ba fitilun titi ne kaɗai dalili ba. A hoton dare da tauraron ɗan Adam ke ɗauka, yankin Neja Delta cike yake da ɗigon wuta, har a cikin teku inda babu gari: iskar gas ce ake ƙonawa a rijiyoyin mai. Wata doka ta 1979 ta sa 1984 a matsayin wa'adin daina ƙonawar, an yi ta ɗaga wa'adin, har yau Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi ƙona gas a duniya. Mai tsaye a saman bene a Diobu, idan ya juya gabas da kudu, wajen Eleme da Onne da hanyar Bonny, zai ga gindin sama ya yi ja-ja-ja. Harshen wuta ne, haskensa a baje yake, amma nauyinsa yana ɓangaren ja da ruwan lemo, kore da shuɗinsa kaɗan ne. Don haka UHC da OIII suna yanke mafi yawansa. Abin da ba sa iya yi wa komai shi ne kunkunniya. Tun ƙarshen 2016 mutanen Fatakwal suka fara wayar gari da baƙin gari a kan mota da tagogi da cikin hanci, daga haramtattun matatun mai na cikin fadama da ƙona su da ake yi idan an kama. Gwamnatin jihar ta ƙaddamar da farautar matatun a farkon 2022. Ƙura ko hayaƙi a iska ɓarna biyu yake yi: yana cin hasken nebula tun kafin ya iso, yana kuma kama hasken gari ya watso shi cikin madubi. Filta tana rage ta biyun, ta farkon kuwa sai haƙuri. Ga kuma hadari, a garin da ruwansa ya haura milimita 2,000 a shekara, rani kuma ɗan gajere ne.

Abin takaicin shi ne Fatakwal ce ta fi kowa matsayi mai kyau. Tana ƙasa da digiri biyar arewa da tsakiyar duniya, saboda haka babbar nebular Karina, wadda ta ninka nebular Oriyon girma a sama kuma mutanen Turai ba sa ganinta daga gida ko kaɗan, tana hawa har wajen digiri 25 a kudu. A Kano digiri 18 take kaiwa. A farkon Janairu wajen ƙarfe huɗu na asuba take kai ƙololuwa, kafin kiran assalatu, lokacin da janaretoci da yawa sun yi shiru. Tana son UHC ƙwarai. Amma kudu ne, wajen jan nan.

Anacha nata ciwon iska ne da cunkoso. A 2016 alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa ta a kan gaba a duniya wajen ƙurar da ake kira PM10, da maikurogiram 594 a kowace kubik mita, kusan ninki talatin na abin da hukumar ta amince da shi a lokacin. Hayaƙin tireloli, ƙona shara, janaretocin kasuwa, ga tururin kogin Kwara da ke kwanciya da dare, ga fitilun Asaba a tsallake, ga tsohuwar gada ta 1965 da sabuwa ta 2023. Duk abin da ke ƙasa-ƙasa a sama ka cire rai. Abin da ya ceci Anacha shi ne nebular Oriyon tana bi kusan ta tsakar ka. Nemi taurari ukun nan da ke jere a layi. Ƙasa da su akwai wasu ƙanana a jere, na tsakiyarsu ba tauraro ba ne, nebula ce da haskenta ya yi tafiyar shekara kusan 1,350 kafin ya iso. A tsakiyar Janairu wajen goma da rabi na dare tana kusan digiri 80, inda iskar da haske zai ratsa ta fi sirantaka. Ko ba filta za ka ga cibiyarta da taurari huɗu a dunƙule. Ka sa UHC, sai fukafukai biyu su miƙe hagu da dama, baƙin harshen ƙura ya fito fili a tsakiya. Ita ce ya kamata kowa ya fara da ita, don ba ta ba mutum kunya.

Lokaci ya fi kayan aiki muhimmanci a nan. Tsakiyar hunturu sama takan zama babu gajimare amma hazo ya mai da ita fara fat, filta ba ta da abin yi. Dare mafi kyau shi ne wanda ya biyo bayan ruwan sama mai ƙarfi da ya wanke iska, ko kuma 'yan makonnin nan na Nuwamba zuwa farkon Disamba, damina ta ɗauke, hazo bai yi kauri ba. A farkon wannan lokaci, da an idar da isha'i, ana iya kama Zobe da Dambel a yamma kafin su faɗi, ƙananan gawawwakin taurari masu yalwar oksijin waɗanda OIII ke fito da su ko a tsakiyar gari. Nebular Tafki da ta Omega kuwa da yammacin damina suke hawa, sai wanda ɗan tsagaitawar ruwan Agusta ya yi wa gata.

Inugu, garin da Malam Umaru Altine ya zama magajinsa na farko, ita ce mai mafita. A gindin tsaunukan Udi take. Daga Owerri Road ko Asata sama ba ta fi ta sauran biranen ba, amma ka hau Milliken Hill ka wuce Ngwo da 9th Mile ka kama hanyar Nsukka, tudu ya tare maka fitilun gari, hayaƙin ya zauna a kwari. Nan ne filta ke nuna ainihin ƙarfinta, domin gaskiyar da masu talla ba sa so ita ce, ta fi aiki a sama mai ɗan duhu fiye da mai haske. Nebular Mayafi, ragowar tauraron da ya fashe dubban shekaru da suka wuce, da wuya a gan ta ba filta ko a ƙauye. A sa OIII sai ta bayyana zare-zare. Ba ina cewa a ɗauki madubi a tsaya gefen hanya da tsakar dare ba ne. Halin tsaro bai ba da wannan ba. A tafi da rana, a sauka wajen 'yan uwa, akwai jama'armu a 9th Mile da Obollo-Afor, a sanar da mai masauki abin da ya kawo mutum.

A saman bene

Wannan maganar sanarwa ta shafi cikin gari ma. Doguwar bututu kan ƙafa uku, a saman bene, ƙarfe ɗaya na dare, mutum ya lulluɓe kai da mayafi: duk wanda ya hango daga nesa ba taurari ne za su fara zo masa a rai ba. A gaya wa mai gida, a gaya wa 'yan sintiri, in da hali Sarkin Hausawa ko limami su sani, a kira su su leƙa Zuhal da zobensa sau ɗaya, magana ta ƙare. Tambayar farko da za a yi maka ita ce, “Malam, watan ake dubawa?” Amsar a'a ce. Hasken wata na rana ne ya dawo, a baje yake, filtar nebula dusashe jinjirin wata kawai za ta yi. Hasali ma wata abokin gaba ne a wannan sana'a, kuma mai bin lissafin watan Musulunci ya riga ya san ranakunsa: daga wajen 23 ga wata zuwa 4 ga mai kamawa.

Mayafin da ake lulluɓe kai da shi ba ado ba ne. Tunda fuskar filta madubi ce, duk fitilar maƙwabci da ta faɗo ta gefen fuskarka za ta shiga gilashin ta dawo cikin idonka, ka ga ƙwayar idonka maimakon nebula. Baƙin ƙyalle ko hirami mai kauri a ka, a rufe har gilashin, ya fi ƙarin inci biyu na madubi amfani a unguwa irin Mile 3. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma duba saƙo ɗaya a waya ya rushe aikin. A zaɓi kusurwar da tankin ruwa ko bango ya tare fitila. A yi amfani da ƙaramin ƙarfi, ba babba ba: a madubin da aka rubuta wa f/6, gilashin ido na milimita 25 zuwa 32 ya dace, don filta ta riga ta rage haske, ƙara girma zai ƙarasa kashe shi. A fara gano wurin ba filta, taurari suna nan suna nuna hanya, sannan a ɗaura. Idan abin ya ƙi fitowa, a ɗan kau da ido gefe kaɗan, gefen ido ya fi tsakiyarsa kama rarraunan haske; ko a ɗan taɓa bututun ya motsa.

Bayan ƙarfe ɗaya al'amura suna gyaruwa da kansu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba kowa ke barin janareta ya kwana yana ci ba, batiran sola da yawa kuma sun fara sanyi a lokacin. Ma'aunin Bortle, wanda aka fitar a 2001, yana jera sama daga 1, duhun daji, zuwa 9, tsakiyar birni. Wanda ya tsara shi bai yi tunanin garin da zai sauya mataki cikin daƙiƙa ɗaya don an ɗauke wuta ba.

Laima ita ce ɓarawon kudu. Raɓa tana sauka kan gilashi cikin dare, in aka rufe shi da danshi funfuna ta tsiro a ciki ta ci shimfiɗun. A bar kaya su sha iska a ɗaki kafin a rufe, a ajiye filta cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani. Kunkunniya ko ƙurar hunturu in ta hau, kada a goge da bakin riga. A hure da 'yar robar hura iska tukuna, in ba haka ba an karce ke nan har abada.

Gargaɗi ɗaya ba na wasa ba: babu ɗaya daga cikin filtocin nan da ake kallon rana da ita. Baƙinta yaudara ne. Rana ta cikin madubi tana ƙona ido cikin ƙiftawa, kuma ba ya dawowa. Inda yara ke hawa bene, a kulle madubin da rana.

Masu kyamara sun fi masu ido samun sauƙi, don kyamara tana tara haske na mintuna kuma tana ganin jan layin 656. Akwai filta mai taga biyu, ɗaya kan ja ɗaya kan oksijin, wasu faɗin nanomita 7 kacal. Ƙananan na'urori irin Seestar S50, da ta fito a 2023 a kan kimanin dala 500, da irin wannan filta a cikinsu suke zuwa, su nemo nebular da kansu su turo hoton waya. Ga makarantar da ke son yara talatin su gani lokaci guda, wannan ya fi layi a bayan gilashi ɗaya. A Fatakwal dai a tuna cewa jan wutar gas yana ɓangare ɗaya da jan haidurojin, don haka a guji kudu da gabas in ana ɗauka.

Abin da filta ba ta taɓawa

Duk abin da haskensa na taurari ne, filta cutarsa take yi. Tarin taurarin Andromeda, wanda Abdurrahman al-Sufi ya siffanta da ɗan gajimare a littafinsa na 964, ba iska ba ce, taurari ne biliyoyi, sa masa UHC sai ya ƙara dusashewa. Shuɗin hazon da ke kewaye da Kaza da 'ya'yanta a hotuna ƙura ce mai mai do da hasken taurari, shi ma haka. Maganinsu mota ce, a bar gari.

A cikin masu taurin kan nan akwai wadda ke da dangantaka ta musamman da wannan yanki. A hanyar Anacha zuwa Inugu, dab da Awka, ba nisa da kasuwar shanu ta Amansea, akwai garin Amawbia, mahaifar Samuel Okoye. A 1964 da 1965, yana ɗalibin digiri na uku a Kambirij ƙarƙashin Antony Hewish, su biyun suka gano wani ɗan mitsitsin wuri mai tsananin ƙarfin rediyo a cikin nebular Ƙaguwa, ragowar tauraron da masu lissafin sama na Sin suka rubuta fashewarsa a 1054. Ba a san ko mene ne ba sai 1968, da aka gano cewa zuciyar mataccen tauraron ce, tana juyawa kusan sau 30 a daƙiƙa. Hewish ya sami lambar Nobel a 1974 saboda aikinsa kan irin waɗannan taurari. Okoye ya dawo Jami'ar Najeriya ta Nsukka ya gina fannin nazarin sama, ya rasu a 2009. A Nsukka ne kuma hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, ta kafa cibiyarta ta binciken kimiyyar sama, wadda Farfesa Pius Okeke ya fara shugabanta. Makarantar Islamiyya a Inugu da ke son ɗalibanta su ga masu wannan aiki ido da ido, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce.

Ita Ƙaguwar tana kusa da ƙahon taurarin Sa, arewa da Oriyon, tafiyar shekara kusan 6,500 ga haske, kuma tana bi ta saman Inugu a darare ɗaya da Oriyon. Amma yawancin haskenta ba daga layukan oksijin da haidurojin yake fitowa ba. Ilektiron ne masu gudun kusa da na haske suke kewaya cikin maganaɗisun mataccen tauraron, suna zubar da haske a baje a kowane launi. UHC ba ta ƙara mata wani abin kirki, OIII kuwa sai a babban madubi take nuna 'yan zaruruwan gefe. Daga Asata da ƙyar a ga ɗan tabo, in ma an gani. Mai son ganinta da madubi inci shida sai ya hau tudu wajen Nsukka a ƙarshen watan Musulunci, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a daren da hazo ya yi sauƙi, ya bar filta cikin robarta.